Ka gama karatu a Misira za ka dawo gida? Ga yadda ake tattara komai kafin a hau jirgi

To ɗan uwa barka da kammalawa, Allah ya sanya albarka a abin da aka karanta ya sa a amfani al'umma da shi. Na san yanzu hankalinka duk ya yi gida, kana ta lissafin tuwon Hajiya da su wa za su zo tarbarka a filin jirgi, amma dan Allah ka ɗan tsaya, domin watannin nan biyu zuwa uku na ƙarshe su ne suke raba wanda zai dawo ya huta da wanda zai dawo ya shekara yana kiran abokai a waya yana roƙon a taimaka a je masa ofis kaza a karɓo masa takarda. Zan yi maganar ne a kan Alƙahira don ita na fi sani, amma na Madina da na Indiya da na Malesiya da na Turkiyya duk za su tsinci nasu a ciki, 'yan uwa mata ma da ku nake ko da na ce "kai".

Takardu tukuna, kafin tikiti, kafin tsaraba

Kar ka sayi tikiti sai ka san ranar da takardunka za su fito. Mutane da yawa suna yin akasin haka, su ga tikiti mai araha su yanka, sai ranar tafiya ta zo shahada, wato takardar shaidar kammala karatu, ba ta fito ba, a ƙarshe ko dai a biya kuɗin canza rana ko a tafi a bar takarda a hannun wani. Kuma kai ma ka san yadda ofisoshin nan suke, ka je tun safe a ce maka bukra, wato sai gobe, ka koma gobe a ce mai sa hannun ya fita, ka koma jibi a ce fom ɗin ba shi ba ne, wani ne ake saya a wancan ginin.

Ka fara da shu'unuɗ ɗullab, wato ofishin harkokin ɗalibai na kulliyarku. Akwai takardar sallama da za ka zagaya da ita, laburare su sa hannu cewa ba littafinsu a wurinka, wajen kuɗi su sa hannu, in a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban waje na Azhar, kake zaune su ma sai sun sallame ka. Daga nan sai shahada. Yawanci ta wucin gadi ce take fara fitowa, ta asalin tana ɗaukar lokaci, to ka tambaya da kyau yaushe za ta fito da kuma sharaɗin da suke bi in wani ne zai karɓar maka. In dole sai ka tafi ka bar ta, ka rubuta wa mutum ɗaya wakilci a hukumance, wanda ka san yana da sauran shekara biyu ko fiye a ƙasar kuma mai ɗaga waya ne, ba wanda shi ma ƙafarsa ɗaya tana waje ba.

Bayan shahada sai takardar makin darussa ta duk shekarun da ka yi, daga ajin farko har na ƙarshe. Wannan ita mutane suka fi mantawa da ita, kuma ita za a fara nema ranar da ka je neman digiri na biyu a BUK ko ABU ko Danfodiyo. Ka nemi fiye da kwafi ɗaya in suna bayarwa.

Sai tasdiƙi, wato buga hatiman da suke tabbatar da ingancin takardun. Jami'a ta buga hatiminta, ka kai ofishin ma'aikatar harkokin wajen Misira su buga nasu, sannan ka kai ofishin jakadancin Najeriya da ke Zamalek su ma su tabbatar. A jere ake bin su, in ka tsallake ɗaya na gaba zai maido ka. In takardunka da Larabci suke kana buƙatar fassara zuwa Turanci, kuma ba fassarar abokinka da ya iya Turanci ba, wadda take da hatimin inda aka yarda da shi. Ana iya yi a gida a sashen Larabci na jami'a, amma ni a ganina in da hali ka taho da ita a shirye ya fi.

Ga wani abu da nake so ka zauna ka duba da idonka harafi bayan harafi: sunanka. A fasfo an rubuta Muhammad, a shahada sun sa Mohamed, a sakamakon sakandare Mohammed, sunan mahaifi a nan yana gaba a can yana baya, ranar haihuwa a wata takardar an juya wata da rana. Yanzu da kake can gyaran nan tafiyar kwana biyu ne ko sati, amma in ka dawo sai ka tsinci kanka a kotu kana rantsuwa kana buga sanarwa a jarida, kuma duk da haka wani jami'in ya kalle ka ya ce shi dai a wurinsa mutum biyu ne. Duk abin da yake jikin fasfo da lambar NIN ɗinka, shi za ka bi.

In ka gama haɗa su ka ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, mai kyau wanda hatimi yake karantuwa, ka tura wa kanka a imel, ka tura wa wani a gida. Waɗanda suka fito daga Khartoum a watan Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke, da waɗanda suka fito daga Yukren a 2022, da yawansu da 'yar jakar baya kawai suka tsira, wanda yake da hoton takardunsa a waya ya fi samun sauƙin ci gaba da karatu a wani wuri. Asalin takardun kuma a jakar hannu za su shiga jirgi tare da kai, ko da wasa kar su shiga akwatin da za a auna.

Fasfo da iƙama

Buɗe fasfonka yau ka duba ranar ƙarewarsa da ranar ƙarewar iƙama, wato izinin zama. In iƙama ta mutu kafin ranar tafiya akwai tara, kuma gara ka je jawazat, ofishin shige da fice da ke Abbasiyya, ka san matsayinka tun da wuri da a tsayar da kai a filin jirgi ana kiran sunan jirginku kana lalube aljihu. In fasfo ne ya mutu ko ya ɓata, ofishin jakadanci suna ba da takardar tafiya ta gaggawa wadda za ta kai ka gida kawai. Na Saudiyya sun san sai an yi musu khuruj niha'i, wato bizar fita ta ƙarshe, na Malesiya sai makaranta ta soke izinin zama na ɗalibi an ba da takardar fita, na Indiya kuma in bizarsu ta ƙare sai sun bi ta FRRO, ofishin rijistar baƙi. Kowace ƙasa da nata, ofishin ɗaliban waje na makarantarku shi zai faɗa maka.

Tsohon fasfonka da ya mutu, kar ka yar, kar ka ba yara su yi wasa da shi. A cikinsa hatimin ranar da ka fara fita daga Najeriya yake, da bizar farko da iƙamomin shekarun baya, kuma hukumar NYSC da su take gane cewa da gaske ka zauna a ƙasar ka yi karatun. Ranar da ka sauka ma ka tabbata jami'in shige da fice ya buga maka hatimin shigowa kuma ya fito sosai, in tawadar ta dusashe ka ce ya sake tun kana gabansa.

Gida, bashi, banki, layin waya

In a shaƙƙa, wato fulat, kake haya a unguwar Hayyul Ashir ko Sabi', ka sanar da mai gida aƙalla wata ɗaya kafin ka fita, ka duba abin da kuka rubuta a yarjejeniya. Kuɗin ta'amin da ka ajiye lokacin shiga ba ya dawowa da kansa, sai ka nema, kuma za a zagaya ɗakin a lissafa maka fanfon da ya lalace da fentin da ya ɓare. Ku biya kuɗin wuta da gas da ruwa, ka riƙe rasit na ƙarshe. In da abokan zama za su ci gaba da zama a gidan kuma sunanka ne a takardar haya, ku je tare a canza suna, kar ka tafi ka bar sunanka a kan gidan da ba ka san me za a yi a cikinsa ba bayanka.

Bashi kuwa ka zauna da takarda da biro. Mai shagon ƙasan bene da kake karɓar burodi da ƙwai a rubuta, abokin da ya ranta maka lokacin da kuɗin gida suka makale, kuɗin ƙungiyar ɗalibai. Ka biya kafin ka sayi tsarabar kowa, don babu kyau a ce an gan ka a kasuwar Ataba kana cika akwati alhali akwai wanda yake binka fam ɗari biyar yana jin kunyar tambaya. Wanda kake bi kuma ka yi masa magana sau ɗaya a fili, in ba shi da shi ka yafe ko ku yi yarjejeniya.

Ragowar kuɗin Misira kar ka taho da su da yawa, a Wapa ba kowa zai karɓa ba, wanda zai karɓa ma a wulaƙance zai saya. Ka kashe su a can ko ka canza zuwa dala ta hanyar da doka ta yarda. In da abin da ya rage a Vodafone Cash ko asusun banki ka kwashe ka rufe.

Layin waya shi ne tarkon da ba a gani. WhatsApp ɗinka, imel ɗinka, Facebook, wataƙila har manhajar banki, duk a kan lambar Misira suke turo lambar sirri. Ka dawo Kano layin ya daina aiki, wayar ta lalace ko a sace ta, shikenan an rufe ka a waje. Tun kana can ka sa wani a gida ya duba ko tsohon layinka na Najeriya yana raye, don kamfanoni suna sayar wa wani in ya daɗe ba a amfani da shi, kuma in shi ne a jikin BVN ɗinka wannan wata rigimar ce ta daban. A WhatsApp akwai wajen canza lamba ba tare da ka rasa guruf-guruf ɗinka ba, ka yi amfani da shi ranar da sabon layi ya shiga hannunka, tsohon kuma ka bar shi da ɗan kuɗi a ciki na wasu makonni. Imel ɗin da jami'a ta ba ka shi ma ana iya rufewa, kwashe abin da yake ciki.

Kaya da littattafai

Yawancin jiragen da suke zuwa Kano da Abuja, irin su EgyptAir da Ethiopian, akwati biyu masu kilo 23 suke ba mai ƙaramin tikiti, da jakar hannu ta kilo 7 ko 8, amma ka karanta naka tikitin don akwai masu arahar da akwati ɗaya ne. Kilo 46 kenan za ka zuba rayuwar shekara huɗu ko shida a ciki, kuma mujalladan littafin Fathul Bari kaɗai zai cinye kusan akwati guda. Saboda haka littattafai kargo za su bi. Ku haɗu ku da yawa ku yi jigila ɗaya, ya fi araha, ku nemi wanda ɗaliban baya suka yi aiki da shi kayansu suka iso, ba wanda ya fi kowa zaƙin baki ba. Ka naɗe kowane kwali da leda saboda ruwa, ka rubuta suna da lambar wanda zai karɓa a gida a gefe biyu, ka ɗauki hoton abin da yake ciki, kuma ka sa a ranka zai iya yin watanni kafin ya iso.

Wajen zaɓen littafi ka yi wa kanka adalci. Abin da za ka samu a kasuwar Kurmi ko Sabon Gari ba sai ka ɗauko daga bayan masallacin Azhar ba. Ka ɗauki bugun da ba ya zuwa gida, da muzakkarori, wato littattafan darussan kulliya, da ka yi rubutu a gefensu da hannunka, waɗannan ba inda za ka sake samunsu. Wanda tafiyarsa ta zo bayan baje kolin littattafai na ƙarshen Janairu ya yi sa'a, nan ne araha take.

Bargo, hita, rigunan sanyi masu nauyi, tukwane, katifa, ka bar wa sababbin zuwa. Ka tuna yadda ka ji a sanyinka na farko. Abin da yake da daraja kamar firji ko injin wanki ka sa a guruf ɗin ɗalibai tun saura wata guda, in ka bari sai saura kwana biyu kyauta za ka bayar ko kana so ko ba ka so.

Tsaraba kuma ka rubuta sunaye, in ba haka ba za ta cinye ka. Iyaye da kakanni da malaminka na allo su ne a gaba, jallabiya ko abaya ko Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe ga tsoho, sauran jama'a kuma turare ƙanana, carbi, hula, man habbatus sauda, abin da za ka saya da dozin ka raba. Duk yadda ka yi sai wata gwaggo ta ce ita ba a tuna da ita ba, don haka ka ajiye 'yan guda biyar ba suna.

Saƙo. Da zarar an ji za ka tafi, mutanen da ba ka taɓa gani ba za su fara kira, dan Allah ɗan ƙaramin abu ne a kai wa Mama. Duk abin da ba a buɗe a gabanka ka gani da idonka ba kar ka karɓa, ko na waye, musamman magunguna. In jami'an NDLEA ko kwastam suka sami abu a akwatinka, mai akwati suka sani. A filin jirgi ma kar ka yarda a liƙa wa jakar wani lambarka don wai nasa kilon ya yi yawa, ka ƙirga 'yan takardun kaya da aka manna maka a tikiti su yi daidai da akwatunanka. Batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya, turare da mai da ya wuce mililita 100 kuma a akwati.

Sallama

Wannan kar ka bar shi sai daren ƙarshe, daren ƙarshe na auna akwati ne da zazzage kaya a ƙasa ana cire wannan ana mayar da wancan. Ka ware sati guda. Ka je wa malamanka ɗaya bayan ɗaya, wanda ka zauna a halƙarsa ka nemi addu'a, in akwai ijaza da ka cancanta ka karɓa a rubuce, daktan da ya duba bincikenka kuma ka roƙe shi takardar shaida da imel ɗinsa na kansa yanzu da yake gane fuskarka, bayan shekara uku ɗalibai dubu sun wuce ta gabansa.

Ka sauka ka gaisa da bawwab, mai gadin gidan, ka sa masa wani abu a hannu, shi da ya riƙa buɗe maka ƙofa ƙarfe biyun dare. Mai ful da ɗa'amiyya, wato dafaffen wake da ƙosan Misira, na bakin layi ka faɗa masa za ka tafi, za ka yi mamakin yadda zai bar tukunya ya zagayo ya rungume ka yana ma'assalama ya Nijiriya. Abokan zama kuma ku dafa shinkafa da wake da mai da yaji ku zauna a ƙasa ku ci, sannan ka buɗe baki ka nemi yafiya da gaske, ba irin ta rubutu ɗaya a guruf ba, don shekara huɗu a ɗaki ɗaya dole an taka juna, an yi faɗa kan wanke-wanke da kuɗin gas. 'Yan Nijar da 'yan Ghana da 'yan Kamaru da kuka saba, da ɗan Indonesiyan da kuke bitar karatu tare, ka karɓi lambarsu ta gida, don ta Misira mutuwa za ta yi kamar taka. Wasunsu iyakar ganinku kenan a duniya, kowa ya san haka ko ba a faɗa ba.

Bayan an sauka

Kwana ukun farko na gaisuwa ne, ka bi dangi gida-gida, ka fara da ta'aziyyar waɗanda suka rasu ba ka nan, wannan ana lura da shi sosai. Ka kwana a gidan sauro tun daren farko, jikin da ya yi shekaru bai haɗu da maleriya ba in ta kama shi ba ta yi masa da sauƙi, in ka ji zazzaɓi ka je a gwada jini kar ka tsaya cewa gajiyar hanya ce. Ruwan sha ma ka ɗan kula na makonnin farko.

Farashin da ka bari ba shi za ka tarar ba, tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, kar ka tsaya musu da mai adaidaita kana cewa da naira hamsin kake zuwa. Ƙannenka sun girma, abokanka wasu sun yi aure suna da 'ya'ya ba su da lokacin zaman majalisa, ɗakinka ma wataƙila an ba wani. Kuma dan Allah a rage "ai a Misira kaza ake yi", sau ɗaya sau biyu za a saurara, na uku an fara kallon juna. Haka in ka zo masallacin unguwa ka ga abin da ya saɓa wa abin da ka karanta, ka yi haƙuri ka fara zama ka gaisa da liman, ka san mutane su san ka, gyara yana da lokacinsa.

Kar ka bari hutu ya wuce sati biyu zuwa uku ba ka taɓa maganar takardu ba. Ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja ita take tantance shahadar waje ta ba da takardar da take nuna matsayinta a tsarin Najeriya, kuma za a nemi wannan takardar wajen bautar ƙasa da neman aikin gwamnati. Daga nan sai rijistar NYSC a shafinsu na intanet lokacin da suka buɗe, za ka ɗora shahada da takardar maki da fassara da sakamakon sakandare da shafukan fasfon nan da na ce ka adana, sannan ka je da asalinsu a gani ido da ido a cibiyar da ka zaɓa. Wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya kammala takardar yafewa ake ba shi, amma shi ma sai ya yi rijistar, kar ya zauna ya ce ai ya wuce. Sansani sati uku ne, alawus kuma tun 2025 naira 77,000 ne a wata.

Wanda ya karanta likitanci sai ya zauna jarrabawar MDCN, hukumar kula da aikin likitoci ta Najeriya, ya ci, ya yi shekarar horo a asibiti, sannan bautar ƙasa. Masu haɗa magunguna da masu jinya su ma kowa da hukumarsa da jarrabawarta, mai digirin lauya daga waje kuma akwai zangon farko na makarantar lauyoyi da ake fara yi kafin a haɗu da 'yan gida. Irin waɗannan ba kullum ake buɗe rijistarsu ba, in ta wuce ka sai ka jira zagaye na gaba kana zaune a gida ana tambayarka yaushe za ka fara aiki, don haka tun kana Alƙahira ka shiga shafinsu ka ga ranakun, in ya kama ma ka daidaita ranar tikitinka da su.